Jinin Baba a Bakin Inji

Ana kiran magariba na koma wurin aiki da jinin Baba a 'yar kwalba. Zuciyarsa ta kumbura, likita ya rasa dalili, Inna kuwa ta sa ni gaba: "Ke da kike auna jinin mutane, na ubanki ne ya gagare ki?"

Injinmu nauyin furotin yake aunawa. In tsokar zuciya tana lalacewa, akwai wani furotin da take zubarwa cikin jini, inji kuma ba ya ɓoye shi. Ƙa'idarmu, kafin a sa jini sai an fara sa ruwa zalla, a tabbatar ba ragowar na wani a ciki.

Na sa ruwan. Famfon injin yana gurnani, firij yana tsiyaya. Ni kaɗai ce a ɗakin.

Allon kwamfuta ya cika da layuka. Ruwa zalla fa! Ga furotin ɗin zuciya ya tashi har ya bugi saman allo, kusa da shi ga wani nauyi da ban taɓa gani a jinin ɗan Adam ba.

Na ciro kwalbar ruwan. Da ɗumi. Ta yi ja.

Ƙaurin gashi ya cika ɗakin.

"Na ɗana ne," muryar wata mata ta raɗa a bayan kunnena. "Zai tashi?"

Wallahi na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi.

"Zuciyarsa ta ƙare, baiwar Allah. Aunawa kawai na iya."

Sai kuka siriri daga ƙarƙashin tebur.

"Mai jinin da ke ɗaya hannunki fa? Tasa zuciyar tana bugawa?"

Na damƙe kwalbar Baba. Wasu yatsu masu sanyi suka ɓamɓare nawa, ɗaya bayan ɗaya, suka zare kwalbar.

Na fara jan Ayatul Kursiyyu, ta ɓace mini. Da rarrafe na kai ƙofa, maigadi ya tsince ni a matakala ba takalmi.

Baba yana nan da rai, amma kullum ƙara ramewa yake. An kawo malamai, an canza magani. Duk mako nakan ɗebi jininsa, da rana tsaka, da abokiyar aikina a gefena. Baƙon nauyin nan da na gani a ruwan yanzu yana cikin jininsa, kuma hawa yake.

Jiya ya kama hannuna yana haki.

"Uwata, me injin naki ya ce?"

Na ce masa ya ce da sauƙi.