Zufar Tanimu a Kan Fiyano

Ku matso, ku rage murya. Ke Ladidi, sauke ƙafarki daga jikin ƙanwarki. Wannan ba tatsuniya ba ce, babu Gizo a ciki.

Sallau da Tanimu ɗan wa da ɗan ƙani ne, tsakar gida ɗaya ta raine su. Dukansu fiyano suke kaɗawa a gidajen biki a Kaduna. Sallau ne ya fara, shi ya ma nuna wa Tanimu inda ake ɗora yatsu. Amma rabo na Allah ne. In Sallau ya buga, mutane su ci gaba da cin shinkafarsu. In Tanimu ya taɓa, har uwar amarya sai ta ajiye cokali. Sallau yana dariya a fuska, cikinsa kuwa kamar an zuba barkono.

Wata Asabar suka je wani gida bayan layin dogo, inda wani tsoho, Baba Yohanna, ya tara tsofaffin fiyano sun fi arba'in, kowa ya zo ya gani ya taɓa. Akwai masu wayoyi birjik kamar gashin da ba a kitsa ba. Akwai mai kukan tsuntsu, akwai mai gurnanin jirgi. Can lungu kuma wani na katako, ba ya cin wuta, sai an riƙa taka masa da ƙafa yake numfashi.

Dokar Baba ɗaya ce. Ya miƙa musu tsumma.

"Ku taɓa son ranku, 'ya'yana. Amma wanda ya gama ya goge. Ba a kwana da zufar mutum a nan."

Tanimu ya zauna kan na katakon. Bai yi minti biyu ba mutane suka kewaye shi. Wata mata har da hawaye. Baba kansa ya cire tabarau ya ce shekara talatin rabonsa da jin wannan abu ya yi magana haka. Sallau yana tsaye a baya, riƙe da tsumma kamar mai wankin mota.

Jama'a suka ja Tanimu waje ɗaukar hoto. Ya waiwayo.

"Yaya, don Allah goge min."

Sallau ya dubi tsumman. Ya jefar da shi bayan kujera, ya fita.

Sai da suka kai bakin titi Sallau ya ji kansa babu hula. Rana ta yi ja, an kusa kiran magariba. Ya ce wa Tanimu ya jira shi, ya koma shi kaɗai.

Baba ya zagaya baya yana rufe tagogi. An kashe wuta. Duk fiyanon an lulluɓe su da farin ƙyalle, jere, kamar gawarwaki. Amma daga lungu kiɗa yake tashi. Kiɗan Tanimu, ba ragi ba ƙari.

Wani dogon mutum ne zaune, ya ba da baya. Sallau ya yi sallama. Ba a amsa ba.

Mutumin ya sunkuya ya shinshina allon fiyanon. Ya sa harshe.

"Zufar nan da daɗi," in ji shi. Muryar kamar daga cikin randa. "Ta wa ce?"

Sallau ya ja da baya.

"Na san ba taka ba ce. Taka ɗaci gare ta." Mutumin ya yi 'yar dariya. "Faɗi sunansa kawai. Gobe hannunsa ya koma naka."

"Shi fa?"

"Ko cokali ba zai riƙe ba."

Ba zan yi muku ƙarya ba, jikokina, Sallau ya so. Ya hango uwar amarya tana ajiye cokali dominsa. Bakinsa ya buɗe.

"Ta..."

Sai idonsa ya faɗa ƙasa. Matakan fiyanon da ake takawa da ƙafa suna hawa suna sauka, su kaɗai. Ƙafafun mutumin na naɗe a gefe, ba su taɓa komai ba. Kofato ne, irin na jaki.

A waje ya ji Tanimu yana kira: "Yaya! Ka gan ta? Ko in zo in taya ka nema?"

Yana tahowa. Ga takunsa.

Tsumma ya yi nisa. Sallau ya ce a'uzu billahi, ya kifa tafin hannunsa na dama ya share allon tun daga wannan kai har wancan. Fiyanon ya yi wata ƙara kamar an yanka sa. Kujera ta zama wayam.

Zufar Tanimu ta tafi. Ta wa ta saura a kai? To.

Tun daga ranar hannun daman Sallau bai ƙara kaɗa komai ba. Yana cin tuwo da shi, yana ɗaure tazuge, amma ya ɗora kan fiyano sai ya sandare. Da magariba kuwa yatsun su riƙa motsi su kaɗai a kan cinyarsa, suna kiɗan da ba mai ji.

Kada ku zaci hassadar ta bar shi. Har yau in Tanimu yana kiɗa a biki, Sallau na gefe yana cije leɓe. Tanimu bai san komai ba. Shi yake kai shi wajen masu magani, shi yake shafa masa man zafi a yatsu.

Don haka kada wanda ya bi bayan layin dogo shi kaɗai da almuru. In kuma ɗan'uwanka ya ce goge min, ka goge. Ke Ladidi, na ga irin kallon da kika yi wa sabon takalmin ƙanwarki. Tashi ki shimfiɗa mata tabarma.