Zanen da Ya Ƙi Haɗuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, mun gyara zama.

Akwai wata yarinya a unguwar Sabon Gari a Gusau, 'yar aji biyar a firamare. Ba ta iya gudu ba, ba ta da muryar waƙa. Amma in ta riƙe fensir, sai ka tsaya kana kallo.

Malamarsu, Malama Saude, tana da wata al'ada. Duk ranar Litinin takan rubuta sunan wani zane a saman allo. Wani mako sawun kaza, wani mako ƙayar kifi. Wanda yake so sai ya je gida ya yi ta maimaita siffar nan har ya cika takarda, ya kawo ranar Alhamis. Ba dole a ciki, ba maki. Sha'awa ce kawai. Wanda ya fi kyau, Malama ta ɗauki hotonsa da waya ta tura wa malaman wata makaranta a Tsafe da wata a Bungudu, don su ma suna wannan gasa.

Mako huɗu a jere zanen yarinyar nan ake turawa. Sai kanta ya fara girma.

Wata Litinin Malama ta ce, "Ku saurara. Za a yi babbar gasa a Bungudu ƙarshen zango. Kowace makaranta mutum biyu za ta kai. Wanda ya ci wannan mako zai je, wanda ya ci mako mai zuwa shi ma zai je."

Ta raba musu dogayen takardu sirara. Ta ce, "Zanen jikin hula za ku yi. Ranar Alhamis zan haɗa bakin takarda da baki, in soke da fil, ta zama hula. Ina so zanen ya haɗu, kada ya yanke."

Yarinyar ta ce a ranta, "Bungudu kam na riga na je."

Da la'asar ta shimfiɗa takardarta a tsakar gida. Sai ga Baba Dogo, wan mahaifinta, ya shigo gaisuwa. Shi sana'arsa zanen hula a kasuwa. Yakan zana a kan farin ƙyalle, mata su saya su ɗinke.

Ya leƙa ya ce, "Ɗiyata, mi ake yi?"

"Hula, Baba."

"To, madalla. Kin ninka takardar?"

"A'a. In na ninka ta ai za ta yi layi-layi, ta ɓaci."

"Shekara talatin ina zanen hula, ban taɓa aza biro bisa ƙyalle ba sai na ninka shi."

Yarinyar ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Wannan zanen makaranta ne, Baba, ba na kasuwa ba. Idona ya isa."

Innarta tana tankaɗe a gefe. Ta ajiye rariya ta ce, "Ke! Babanki kike gaya wa haka?"

Baba Dogo ya yi dariya. "Bar ta, Jamila. Takarda za ta yi mata magana."

Yarinyar ta fara daga hagu. Ta zana fure mai kunne shida, ta sake wani, ta sake wani. Kowanne ya fi na baya kyau. Da ta kai ƙarshen takarda, sai ta ga wurin da ya rage ba zai ɗauki cikakken fure ba. Ta zana rabi ta bar shi. Ta ce, "Ai a ƙeya zai tsaya. Wa zai duba ƙeya?"

Ranar Alhamis Malama ta riƙa haɗa takardu tana ɗora wa kowa tasa a ka. Sai ta ce ya juya a hankali, aji su gani.

Akwai wani yaro, Hamza, mai zama a bencin baya. Bai taɓa cin gasar ba. Haƙoran zarto kawai ya zana, sama da ƙasa. Amma da ya juya, sai aka ga sun zagaye kansa daidai, ba inda suka yanke.

Aka zo kan yarinyar. Da aka ɗora mata hular, aji duka suka ce, "Kai! Kai!" Ta yi murmushi, ta fara juyawa. Sai ƙeya ta bayyana. Ga rabin fure ya yi karo da cikakke, kamar an guntule shi.

Wani yaro mai suna Anas ya ɗaga murya, "Malama, akuya ta cinye mata rabin fure!"

Aji ya fashe da dariya. Malama ta buga tebur aka yi shiru. Ta ce, "Hamza ne ya ci. Saura gurbi ɗaya."

Da aka tashi, yarinyar ta kifa kai a benci tana kuka. Malama ta zo ta dafa ta.

"Hannunki ya fi na kowa a ajin nan, kin sani, na sani. Amma hula zagaye take. Mai tafiya bayanki shi ma yana da ido. Mutum uku kaɗai suka haɗa nasu, don haka za a sake hula mako mai zuwa. Ba wanda ya nuna miki yadda ake yi a gida?"

Yarinyar ta share hawaye. A hankali ta ce, "An so a nuna mini."

Ranar Asabar da safe mahaifinta ya sauke ta a babur a bakin rumfar Baba Dogo. Ta cire takalmi, ta durƙusa.

"Baba, na zo ba da haƙuri."

"Takarda ta yi magana?"

"Ta yi, Baba. A gaban aji duka."

Baba Dogo ya yi dariya har hularsa ta karkace. Sannan ya matsa mata a tabarma. "Zauna nan. Ba ki yi mani komi ba."

Ya yanko doguwar takarda. Ya ninka ta biyu, ya sake ninkawa ta zama huɗu, ya sake ta zama takwas. Da ya buɗe, sai ga gida takwas, duk girmansu ɗaya.

Ya ce, "Kowane layin ninki, hure guda a kansa. Ba mai cin wurin wani. Sannan kada ki hwara daga tsakiya ko daga inda ya yi miki daɗi. Hwara daga inda za a haɗa. Rabi a wannan baki, rabi a wancan. Wuri mai wuya shi ake hwara gamawa."

Yarinyar ta gwada. Ta farko ta karkace. Ta biyu ta manta ta zana cikakken fure a baki. Sai da ta ɓata takarda biyar. Masu rumfunan kusa suna ta tsokana, "Dogo, ka samu magajiya ke nan?" Ta shida ce ta haɗu. Baba Dogo ya juya ta a hannu, ya gyaɗa kai.

Ranar Alhamis aka ɗora mata sabuwar hula. Ta juya sau ɗaya. Malama ta ce ta sake. Anas ya miƙe tsaye yana leƙen ƙeya, sannan ya ce, "Yau akuyar ta kwana da yunwa." Har ita ma sai da ta yi dariya. Gurbi na biyu ya zama nata.

Ranar gasa suka shiga ƙaramar bas, ita da Hamza da Malama, sai Bungudu. An shimfiɗa tabarmi a inuwar wani babban mangwaro. Yara shida suka zauna, iyaye da malamai sun kewaye su. Alƙaliyar gasa wata tsohuwa ce, Hajiya Sa'adiya, wadda ta tsufa tana zanen ƙorai.

Yarinyar tana jiran a raba takardu. Sai ta ga an ajiye wa kowa ƙwarya sabuwa da baƙin biro.

Hajiya ta ce, "Ku zagaye mini bakinta da zane. Awa ɗaya gare ku. Bisimilla."

Yarinyar ta dubi tata. Ƙwarya ba ta ninkuwa.

Sauran yara suka sunkuya suka fara. Ita ta zauna tana juya ƙwaryar. Hamza ya raɗa mata, "Ki fara mana, lokaci na tafiya!"

Hannunta ya so ya fara, ta hana shi. Ta tambayi kanta, "Me ya sa ake ninkawa? Don a raba daidai ne. To, in ƙwarya ba ta ninkuwa, me zai zagaye ta kuma ya ninku?"

Ta ciro hankicinta. Gefensa ya ɗan warware. Ta ja zare ɗaya, ya biyo ta dogo. Ta ɗaga hannu.

"Hajiya, an yarda in auna da zare?"

Tsohuwa ta dube ta da kyau. "Wa ya hana? Awo ai aiki ne."

Ta zagaye bakin ƙwarya da zaren, ta yanke da haƙori. Ta ninka shi biyu, huɗu, takwas. Da ɗan guntun nan ta bi bakin ƙwarya tana sa ɗigo. Ɗigo na takwas ya faɗa daidai inda ta fara.

Yarinyar da ke kusa da ita, Rabi daga Tsafe, ta tsaya da nata zanen. Idonta ya cika da ƙwalla, don ta ga ba zai haɗu ba. Ta ce, "Don Allah ara mini zarenki."

"Ƙwaryarki ta fi tawa faɗi, nawa ba zai yi miki ba. Tsaya."

Ta sake jan wani zare, ta miƙa mata, ta nuna mata yadda za ta raba wurin da ya rage. Sannan ta koma kan tata. Rabin lokaci ya riga ya tafi. Ta sunkuya, gumi yana ɗiga daga haɓarta, ba ta ƙara ɗago kai ba. Tana ja layin ƙarshe aka kaɗa ƙararrawa.

Hajiya Sa'adiya ta bi ƙorai ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan ta yarinyar, ta juya ta sau uku. Ta cire tabarau ta goge, ta sake juyawa.

"Ke 'yar Gusau, ina kika fara?"

Yarinyar ta karɓa ta duba. Ta juya dama, ta juya hagu. Ta ce, "Wallahi Hajiya, ni ma wurin ya ɓace mini."

Wuri ya ɗauki dariya da tafi. Hajiya ta ɗaga ƙwaryar sama ta ce, "Ga ta ɗaya!" Wata mata ta rangaɗa guɗa. Rabi ta zo ta biyu, ta rugo ta rungume ta. Hamza kuwa tsalle yake yi kamar shi ya ci.

A bas Malama ta ce, "To, gwana, yau me kika koya?"

Yarinyar ta rungume ƙwaryarta ta ce, "In wanda ya riga ni sani ya yi magana, in tsaya in ji. Kuma in auna kafin in fara."

To, yara, kun ji. Iyawa baiwa ce daga Allah, amma ba ta hana mutum koyo. Ku saurari manyanku, kada ku raina sana'ar kowa, kuma abin da kuka koya ku koya wa na kusa da ku.

Ƙurunƙus kan kusu. Nan ta tsaya, wanda ya ji ya riƙe.