Kukan Gauraka a Ruwan Agali

Da hantsi Munira ta kai wa tsuntsuwar hatsi, ta tarar da kejin wayam. Ƙofar a rufe take, igiyar kaba a ɗaure, amma macen gauraka babu ita.

Munira ce ta gina Zangon Gauraka a bakin wani tabki arewa da Dakoro. Bukkoki ne na zana da kaba, wutarsu ta hasken rana. Ba a shiga da mota, ba a shiga da leda. Baƙi kan zo ƙarshen damina su kalli tsuntsaye. Ita macen gauraka, makiyaya ne suka kawo ta da karyayyen fiffike. Ta warke, ranar Juma'a za a sake ta. Duk tsawon jinyar mijinta bai bar wurin ba. Kullum yana tsaye cikin ruwa daura da kejin, yana kira.

Ajidan Zakiru, jami'in tsaro na jandarmomin Dakoro, ya iso kafin azahar. Ɗan Gaya ne, a bakin kogi ya tashi, kuma tun da aka kawo shi nan bai ƙara jin ƙanshin laka ba. Ya ɗan tsaya ya shaƙa, sannan ya duƙa gaban kejin.

Babu gashi ko ɗaya a ƙasa. Hanyoyin zangon an shimfiɗe su da kara, ba sa riƙe sawu. Ƙullin igiyar kuwa irin na dabaibayin raƙumi ne.

"Wa ya ji kukanta?"

"Ba wanda ya ji," in ji Munira. "Ajidan, in ta bar yankin nan, gidan wani mai hali za ta ƙare, a yanke mata fiffike. Ni kuma mutanen gandun daji su rufe mini zango."

Ya fara da Rhissa, ɗan masu kiwon raƙuma, mai yi wa baƙi jagora.

"Ƙullin nan irin naku ne."

"Na kowane makiyayi ne, ranka ya daɗe. Ni tun bayan sallar asuba ina cikin kwalekwale da baƙi. Da za mu tashi na gan ta tsaye kan ƙafa guda."

"Ana iya ɗaukarta ba ta yi kuka ba?"

"In ka rufe mata ido da ƙyalle, ka naɗe ƙafafun. Wanda ya tashi cikin gauraki ya san haka."

Baƙin kwalekwalen suka tabbatar da maganarsa.

Na biyu Elhaji Kamilu ne, ɗan kasuwa daga Maradi, wanda bai bi kwalekwalen ba. Jiya a gaban kowa ya taya tsuntsuwar.

"Na taya, ba a sallama ba," ya ce, ya ɗaga hannunsa da ke naɗe da tsumma. "Dubi abin da ta yi mini da na miƙa hannu. Ni in koma kusa da ita? Allah ya sawwaƙe."

Aka buɗe motarsa a bakin ƙofar zango. Ba komai. Yashin da iska ta tara a gindin tayoyin ma bai motsa ba.

Saura Mushe Abdoulaye, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke zaune a Maradi; Mushe laƙabin malaman boko ne a nan. Dogo ne, furfura ta cika masa gemu. Shi ma bai shiga kwalekwale ba.

"Ka taɓa zuwa nan, Mushe?"

"Wannan ne zuwana na fari."

"Mi ya hana ka bin sauran baƙi?"

"Gwiwa ke damuna. Kuma Ruwan Agali ba ya son a dame shi da sassafe."

Ajidan ya yi masa godiya ya fito. Ya tambayi Munira ina ne Ruwan Agali, ta ce ba ta taɓa jin sunan ba. Rhissa ne ya ɗaga kai.

"Sunan tabkin nan ne na da. Mutanen ƙauyen da fari ya tasa, can bayan tudu, su ke kiransa haka."

A madafa, Uwale mai girki ta ce jiya Mushe ya roƙi ɗanyar dawa da ƙwarya, wai zai watsa wa kurciyoyi.

Da Ajidan ya dawo bakin kejin, sai ya lura wurin ya yi shiru. Namijin ba ya cikin ruwa. Can gabas ya hango shi, yana kewaya sama bayan tudun rairayi, yana sauka yana tashi, kukansa na zuwa daga nesa.

Ya kira Munira da Rhissa, ya leƙa bukkar tsohon malamin. "Mushe, taso ka raka mu," ya ce.

Bayan tudun kufai ne: gutsattsarin bango, rijiya da ta cike, da rumbun ƙasa guda da bai faɗi ba. Rhissa ya janye ƙayar da aka toshe bakin rumbun da ita. Tsuntsuwar na ciki, ga ƙwaryar ruwa, ga dawa a gabanta.

"Ka ce ba ka taɓa zuwa ba," in ji Ajidan, "amma ka kira tabkin da sunan da mai zangon ma ba ta sani ba. Wanda ya ɗauke ta ya san hannunta, shi ya sa ba kuka, ba gashi. Ya ɗaure ƙofa da ƙullin da ya koya yana yaro. Mota ba ta motsa ba, ke nan ba ta yi nisa ba. Sauran kuwa mijinta ya faɗa mini. Gwiwarka ma na ga ta hau tudu lafiya. Wa zai saya?"

"Ba ta sayarwa ba ce." Tsohon ya zauna kan guntun bango. "Nan ɗakin uwata yake. Can kuma gidan su Zara, matata. Shekarar fari muka tashi da abin da ya rage na dabbobi, ba mu sake dawowa ba. Yanzu tana kwance, likita ya ce ba ta iya hanya. Ba ta neman komi wurina. Sai dai duk safiya ta ce, da ma ta ƙara jin gauraki na tashe ta kamar da. Na ce in kai mata guda, ko kwana kaɗan ne. Na yi magana da mai amalanke ya zo bayan la'asar."

Munira, wadda ta taho da faɗa a bakinta, ta kawar da kai.

"Doka ta hana taɓa ta, Mushe," in ji Ajidan. "Ka sani."

"Na sani. Ni na koya wa yara hakan."

Ba a jira Juma'a ba. Rhissa ya fito da ita ya ajiye kan rairayi. Ta miƙe wuya, ta buɗe fiffike tana gwadawa. Namijin ya sauko gabanta yana tsalle yana rusunawa, sai su biyun suka ɗaga kai sama suka saki kuka tare.

Mushe ya ciro waya ya kira gida. Ya ce a kara wa Zara a kunne, ya ɗaga wayar sama.  Sai wata siririyar murya ta fito daga can.

"Mushe, su nawa ne?"

"Su biyu ne, Zara."

"To kar ka bari a raba su. Kai dai ka taho gida."

Tsohon ya dubi Ajidan. Ajidan Zakiru ya mayar da ankwar da ya ciro cikin aljihu.

"Ran Litinin ka zo ofishinmu da ƙafarka," ya ce. "Yau tahi, ana jiranka."