Taya ta Biyar

Tun da maigidan ya wuce tsohon da ya ɗaga masa hannu a bakin gada, hankalinsa ya ƙi kwanciya. Can cikin duhu sai fitilar gargaɗin iskar taya ta kama a gaban motar.

"Faci muka yi?" in ji matarsa.

"A'a. Kowace taya da 'yar na'urar da ke aiko awon iskarta. Sanyi ma kan rage ta."

"Sanyi, a wannan zafin?"

Awon tayar gaba ya sauka, ya dawo. Na ta baya ya sauka, ya dawo, alhali gudu suke shararawa. Sai na safayar da ke cikin but ya sauka, bai dawo ba.

Daga kujerar baya 'yarsu ta ce, "Baba, wa ke hura min sanyi a ƙeya?"