Tsamiyar Bangon Dam

Ku matso kusa. Uwani, rage fitilar nan. Kai kuma Ɗanliti, in ka san zuciyarka ba ta da ƙwari, tashi tun yanzu ka tafi wajen Inna. Wannan ba tatsuniya ba ce. A gidan nan aka yi shi, lokacin kuna goye.

Kun dai san dam ɗin da ke saman unguwarmu. Shi muke sha, shi famfon gari ke ja. Bangonsa ba siminti ba ne, ƙasa ce aka tara aka danne tun Kawu Nomau yana yawo ba wando. Gidan nan shi ne na farko a gindinsa. In ya fashe, mu ne lomar farko.

To, a jikin bangon akwai wata tsamiya. Ba wanda ya shuka ta. Ta girma ta yi jibgegen gindi. Ko 'ya'yanta ba mai tsinka, don kowa ya san da mai ita a ciki.

Wata shekara ma'aikatan hukumar ruwa suka zo duba bangon. Suka tarar ruwa na tsattsafowa ja-ja ta ƙarƙashin tsamiyar, alhali tsakiyar rani ake. Shugabarsu, wata injiniya mai gilashi, ta ce saiwoyin ne ke huda bangon. A cire itacen har saiwa, a cike ramin da yumɓu kafin damina. In ba haka ba, doka ta ce a kwashe unguwar. Ta shafa masa jan fenti.

Gaskiyarta ce. Aka ɗauko masu injin yankan itace daga birni. Injin ya ƙi tashi. Aka matsa da shi gefe, ya tashi. Aka dawo gindin tsamiya, ya mutu. Mutanen nan ko abincin rana ba su tsaya ci ba.

Mazan unguwa fa? Hmm. Masu cika baki a majalisa. Ranar kowa bayansa ke ciwo. Wasu har sun fara ɗaure kaya.

Kakarmu Iya Dela a lokacin idonta ya tafi, ƙafa ma ta ƙi. Ta ce, "A ɗakin nan aka kawo ni amarya, daga nan za a fitar da ni a makara. Ba inda za ni." Ɗanta Kawu Nomau kuwa kun san shi. Masassaƙi ne, kuma in ya kafe ko jaki ya sallama masa.

Masassaƙa suna da ƙa'ida. Ba a sare babban itace sai an yi sallama. Ka jingina gatarinka a gindinsa da yamma, ka tafi. In gari ya waye ka same shi a tsaye, masu gidan sun tashi, sai ka sara. In ka same shi a ƙasa, ka ɗauki abinka ka nemi wani itacen. Ba a gardama.

Kawu ya jingina. Da safe ya tarar da gatari a kwance. Ya sake jinginawa. Wannan karon can nesa ya tsince shi, cikin laka, bakin a dakushe. Ranar kuma hadarin farko ya fara haɗowa a gabas.

Ya zauna ya wasa gatarinsa. Da almuru ya saɓa shi ya hau bangon. Shi kaɗai.

Kwaɗi na ta kuka. Yana isa gindin tsamiya suka yi tsit. Dukkansu.

Wani tsoho na zaune a kan saiwa. Farar riga, a jiƙe sharkaf, kuma ba a yi ruwa ba. Kawu ya yi sallama. Bakin tsohon ya motsa, amma muryar daga ƙarƙashin ƙasa ta fito, kamar mai magana a cikin rijiya.

Kawu ya dubi ƙafafunsa. Yatsun ba su da ƙarshe. Sun miƙe sun nutse cikin bangon. Suna motsi a hankali.

Uwani, sakar min zane.

Kawu da bakinsa ya ce ya ji tsoro. Amma ya yi bisimilla ya tsaya.

Tsohon ya ce, "Kai ne mai gatari?"

"Ni ne, Baba."

"Na ba ka amsa."

"Na gani. Ban karɓa ba."

"Ubanka bai koya maka ƙa'ida ba?"

"Ya koya min. Bai dai ce in zuba ido ruwa ya ci uwata ba."

Tsohon ya nuna tsakiyar dam da haɓa. "Gidana na can ƙasa. Wata babbar kuka. Ranar da aka tare ruwan nan, wa ya jingina min gatari? Wa ya yi min sallama? Na kwana a gida, na tashi a ruwa. Yanzu ƙofa nake buɗe masa. Ya fita, in koma."

Maganar ta taɓa Kawu, don ya san tsohon bai yi ƙarya ba.

Can ya ce, "An zalunce ka, Baba. Amma ba Iya ce ta zalunce ka ba. Kukarka kuma ta daɗe da ruɓewa. In ka fasa bangon nan, laka za ka tarar. Ka kashe mutane a banza."

"In ka sare tsamiyar nan, ina zan zauna?"

Kawu ya ce, "Gidana."

"A gindin bango?"

"A gindin bango. In ya fashe, ya ci mu tare. Kai ma ka ɗanɗana yadda muke kwana."

Tsohon ya yi dariya. Ba iska, amma ruwan dam ya girgiza.

"Hannun da ya sare ta, nawa ne."

"To da hagu zan sara. Da dama nake cin tuwo."

Ya mai da ƙota hannun hagu. Ya ɗaga. Ya sauke. Kafin ya sake ɗagawa ba kowa a kan saiwar, kwaɗi sun ci gaba da kukansu.

Ƙarar gatarin har unguwa. Da safe masu ciwon baya duk suka warke, kunya ta fito da su da gatura da diga. Injiniya ta dawo da mutanenta, injin ya tashi da ja ɗaya. Aka tone saiwoyin. Wata mai kaurin cinya saura kaɗan ta ɓulla cikin ruwa. Aka cike da yumɓu, aka danne. Damina ta zo da ƙarfinta, dam ya cika maƙil, rarar ta bi hanyarta ta wuce. Iya Dela ta ƙara shekaru a ɗakinta, kuma a kan gadonta ta cika. Allah ya jiƙanta.

Kawu bai saɓa alkawari ba. Daga gindin tsamiyar ya sassaƙa turmi, ya kife shi a tsakar gida. Ba a daka a cikinsa. Iya takan sa a zaunar da ita kusa da shi da yamma, tana ta magana. Ta ce baƙon Nomau ya fi mu hira.

Hannun hagu kuwa, shi ke nan. Ko ana zafin bazara sanyi ƙalau yake, kamar gindin randa. Ba ya iya riƙe ko cokali. Shi ya sa kullum kuke ganinsa a aljihu.

Amma tun daga lokacin, duk inda bangon ya fara yoyo, ko ramin gafiya ne, sai turmin ya yi gumi. Sai a ji daka a cikinsa, ƙasa-ƙasa. Kawu ya sa hula ya tafi hukumar ruwa, ya zauna a ƙofar ofis. Ba ya tashi sai sun biyo shi. Ya ce mu ba za mu tashi ba, bangon ne za a gyara.

Ɗanliti, ka san da me ka jingina tun ɗazu?

Zauna! Ina za ka? Shafa shi. A bushe yake? To alhamdu lillahi, yau sai barci.

Abu ɗaya dai. Da almuru tsohon yakan fita, ya hau bangon, ya zauna yana kallon inda gidansa yake. A lokacin ransa a ɓace yake. Kada in ji waninku ya bi ta can shi kaɗai, ko da akuyarku ce ta tsere. Alkawarinsa da Kawu ne, ba da ku ba. Kuma har yau hannu ɗaya kawai aka ba shi.