Kakin Duba-gari da Kabarin Mma Azeta

Ranar da Imurana ya fara ganin Ajara, da ludayi ta jefe shi.

A Tamale ne, bayan yaƙin duniya da ake kira yaƙin Bama, shekarar da sanƙarau ya cika maƙabartar zango har aka rasa inda za a sa mutum. Imurana duba-gari ne a ofishin tsafta. Yana cikin kakinsa yana kafa turaku a tsohon layin kaburbura na jikin shinge, domin Bature ya ce duk kabarin da ya lotsa ya tsufa, a sake haƙa shi a sa wani.

Mata ba sa shiga maƙabarta, don haka a bayan shinge Ajara ta tsaya, ta dire tukunyar kokonta, ido jawur.

"Kai mai gajeren wando! Tuge icen nan!"

"Aikin gwamnati ne, 'yar'uwa."

"Gwamnati ce ta haife ka? Ka ga shuɗin kwanon nan da aka kife? Uwata ce a ƙasansa, Mma Azeta. Ruwan bara ne ya lotsar da kabarin, ba tsufa ba!"

Ludayin ya same shi a kafaɗa, koko ya ɓata masa riga. Maimakon ya yi fushi, sai bawan Allah ya saki baki yana kallonta. Da ta tafi ya waiga hagu da dama, ya tuge turken ya wurgar.

Washegari ya kai mata ludayinta unguwar Tishigu, inda take sayar da koko da ƙosai. Jibi ma ya koma, ba tare da wani ludayi ba. Kafin wata ya mutu yana kiranta Barkono, ita kuma ta ƙi kiransa da komai sai Duba-gari.

"Barkono, ba kya dariya ne?"

"Ina yi paa, sosai ma. Ban ga abin dariya ba ne, sai ƙafafunka a cikin safa."

Ta faɗa tana ƙara masa ƙosai biyu da bai saya ba.

Yana da fili jikin shingen maƙabartar, wanda kawunsa Andani, Badagombe, ya ba shi. Har ya fara buga tubali, yana nuna mata inda ɗakinta zai zauna. Sai asiri ya tonu. Mista Atta, babban akawu, ya zagaya ya ga layin da giɓi, ya kira Imurana ofis.

"Wa ya cire turke?"

"Ni ne, massa. Kabarin sabo ne."

"Ya lotsa ko bai lotsa ba? Ranar Litinin daga nan leburori za su fara, kai za ka tsaya a kansu."

Imurana bai yi shawara da kowa ba, bai tuna da gobe ba. Ya tuɓe rigar kaki ya shimfiɗa a kan tebur, ya ɗora hula, ya fito titi da singileti. Kai tsaye ya nufi Tishigu yana tafiyar wanda ya ci yaƙi, yana jiran a yi masa guɗa.

Ajara ta saurare shi har ya gama, ta ajiye matsami.

"To, da ka tuɓe rigar, kabarin ya tsira?"

Ta nuna shi da yatsa, ta ci gaba.

"Wani za su ba rigar, ya haƙa ranar Litinin! Da kana ciki kana iya tuge turke. Yanzu me za ka tuge? Ka huce haushinka, ka bar ni da nawa. Tashi ka ba ni wuri!"

Gaskiya ta faɗa, kuma shi ya sa maganar ta yi masa zafi.

Da ya je gidansu neman aurenta, mahaifinta, Malam Ɗankande mai goro, bai ma bari ya zauna a tabarma ba.

"Da kana da aiki ka kafa wa matata turke. Yanzu ba ka da aiki ka zo neman 'yata? Ga Abdulgafaru direba can, mutum mai sana'a a hannu. Kada in sake ganin ƙafarka a ƙofar nan."

Imurana ya koma filinsa ya zauna a kan tubali, yana jin haushin Bature, da Mista Atta, da kansa fiye da kowa. Daga inda yake yana hango shuɗin kwanon, an sake kafa masa sabon turke. Ya dubi shingen, ya dubi ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Sai ya miƙe ya sayi goro.

A gaban Andani ya durƙusa yadda Dagomba suke yi, yana tafa hannu a hankali, ya faɗi abin da ya kawo shi. Tsohon ya harzuƙa.

"Don ka haifi 'ya'ya na ba ka ƙasar nan, ba don ka tara mini gawa ba!"

"Kawu, wadda zan haifa da ita ba za ta shiga ɗakin da ke kallon ramin uwarta a buɗe ba."

Andani ya zage shi tas, da Dagbanci da Hausa. Bayan ya gaji ya ɗauki goron ya ɓare, ya kai maganar gaban sarki. Dattawan zango suka je ofis suka ce an samu wurin sababbin kaburbura. Mista Atta ya ɗaga kafaɗa, shi dai wuri ake nema.

Abdulgafaru ne ya kai wa Ajara labari, yana dariya, wai Duba-gari ya haukace yana haƙa kabari a filinsa. Ta zo a guje, ta tarar an ture shinge, Imurana cikin laka yana ja wa sabon wurin katanga da tubalin ɗakinta.

"Ka ba da aikin, ka ba da filin! A ina za mu zauna? A cikin rami?"

Ya ɗago yana share gumi. "Za mu, kika ce?"

"Rufe mini baki!" Ta juya masa baya, amma kafaɗunta suna rawa. Can ta ce a hankali, "Ka ci abinci yau, Imurana?"

Ranar ce ta fara kiran sunansa.

Da safiyar Juma'a Malam Ɗankande ya je ziyara kamar yadda ya saba. Ya tarar da kwanon a kife inda yake, babu turke, an kuma cike lotsawar da sabuwar ƙasa. Ya daɗe a durƙushe. Da ya fito ya tsaya a kan Imurana da ke ginin katanga, fuska a murtuke.

"Har yanzu ba ka da aiki?"

"Ba ni da shi, Baba."

"Wawa ne kai. Gobe ka zo rumfa ka koyi ɗaurin goro." Ya yi taku biyu ya tsaya. "Ɗakin Azeta a kulle yake tun da ta tafi. Ka bar mata makwancinta, zan buɗe muku wancan. Turo kawunka."

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure. Andani ya zo da makaɗansa yana ta mita, Ajara kuwa ta yi faɗa da masu lalle, ta yi faɗa da masu tuwo, ba wanda ya ji haushi. Da aka kai ta ɗakin uwarta ta dafa bango, ta fashe da kuka.

Malam Ɗankande ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga hannu.

"Allah ya ba ku zuri'a mai albarka. Yadda kuka bar ta ta kwanta lafiya, Allah ya sa ku kwana lafiya a ɗakinta."

Duk gidan suka amsa da amin.