Baƙin Faifan Mushe Ruben

Ƙarfe tara na safiyar Asabar Mushe Ruben, malamin kimiyya a wata makarantar sakandare ta Madarumfa, inda ake ce wa malamin boko Mushe, ya shigo komisariya, ofishin 'yan sanda, fuskarsa duk a yamutse. An yi sata a ɗakin gwaji.

Sufeto Inusa ya hau moto ya bi shi zuwa makarantar. Ƙofa ba a ɓalle ba, taga a rufe. Kwamfuta na nan bisa tebur, ba wanda ya taɓa ta.

"To mi aka ɗauka?"

"Wani baƙin faifai, bai wuce faɗin murfin kwalba ba. Aro aka ba ni daga jami'a."

"Zinari ne a ciki?"

"A'a, Shef. Haɗin sinadarai ne aka gasa kamar tukunya. In aka sanyaya shi da ruwan azot, irin wanda likitocin dabbobi ke ajiye irin bijimi a ciki, lantarki na bi ta jikinshi ba ya raguwa ko kaɗan, maganaɗisu kuma ya tsaya bisanshi a iska. Da danginshi ake yin injinan hoton cikin mutum a manyan asibitoci, ana kuma son a yi wayoyin wuta da ba su ɓarna. In ba sanyi, dutse ne kawai."

"Wa ya ga wannan tashi sama?"

"Ran Alhamis na nuna a fili. Ɗalibai, iyaye, har ma'aikata."

Shekara ashirin Sufeto yana wannan aiki, ya san mutanensa. Abin mamaki in ya faɗo hannun talaka ba kasuwa yake kai shi ba.

"In aka jiƙa shi a ruwa aka sha fa?"

Mushe Ruben ya zauna a kan benci. "Ruwa na lalata shi. Kuma akwai guba a cikin haɗin. Tana kama tsoka da zuciya."

Daga nan Sufeto ya daina neman faifai, ya koma neman mai shan ruwansa.

Yusuf mai gadi ya rantse mabuɗi bai bar aljihunsa ba.

"Jiya ka je Juma'a?"

"Ƙwarai."

"Da mabuɗin?"

"Da shi."

"Shukar da ke bayan aji ta sha ruwa jiya, ƙasa har yanzu da danshi. Butar ban ruwa kuwa a ɗakin gwaji ake kulle ta. Aljani ya buɗe?"

Yusuf ya sosa ƙeya. "Hamisu na bar ma. Mai kula da lambu. Shekara tara muna tare, Shef, ko allura bai taɓa ɗauka ba."

"Yana da mara lafiya a gida?"

"Matarshi, Ummulkhairi. Tun haihuwar bara ƙafafunta suka mutu."

Sufeto bai tsaya jin sauran ba.

Gidan Hamisu na can wajen tafki. Sun same shi a tsakar gida yana gyaran fatanya. Ya ce bai san zancen wani faifai ba, buta kawai ya ɗauko ya mayar.

"Ina mai ɗakinka?"

"Tana barci."

Sai aka ji kakarin amai daga ciki. Sufeto ya ture labule. Matar na kwance a tabarma, zufa ta jiƙa ta, hannuwanta na rawa. A gefenta ga ƙwarya rufe da faifan kaba. Ya buɗe. Ruwan tsamiya ne, a ƙasa kuma baƙin abu ya fara marmashewa, jikinsa ya yi fari-fari.

"Sau nawa ta sha?"

Hamisu ya tsaya a bakin ƙofa, fatanyar na hannunsa. "Huɗu. Ita ta ce ɗacin ya yi yawa, na sa mata tsamiya."

Aka tare mai amalanke, aka kai ta asibiti. Malama Febi, ma'aikaciyar jinya, ta taɓa wuyanta, ta ce a nemo mota zuwa Maraɗi yanzu. Sufeto ya tambaye ta ko za ta rayu. Ta ce ita ba ta yin alkawari.

A barandar asibitin Hamisu ya faɗi kome, ba wanda ya matsa masa.

"Na gani da idona, Shef. Ƙarfe ya tashi ba hannu ba zare. Na ce abin da ya ɗaga ƙarfe, ƙafar mace za ta gagare shi? Rubutu mun sha, sassaƙe mun sha. Na yi niyyar in wanke shi in mayar ran Litinin."

Mushe Ruben na tsaye gefe da ragowar faifan a leda. "Da ka tambaye ni, Malam Hamisu."

"Da ka hana ni, Mushe."

Motar Maraɗi ta tashi da Ummulkhairi da ƙanwarta. Hamisu ya bi ta taku uku, Sufeto ya riƙe masa hannu. Bai sa masa ankwa ba.

"Ƙanwar nan ba ta iya juya ta ba," in ji Hamisu. "Sai an tallafi ƙugu tukuna. Ku kira ta ku faɗa mata."

Sufeto ya ciro wayarsa, ya ce ya faɗi lambar. Suna tafiya zuwa komisariya yana bugawa.